Yadda ake gane farin ciwon baki na kandida, a yi maganinsa, a hana shi dawowa

Jaririn da ko arba'in bai yi ba ya kama nono, ya ja sau biyu ya saki, ya callara kuka. A mayar masa, ya sake saki. Uwar ta haska bakinsa da fitilar waya, sai ga wani abu fari-fari manne a cikin kumatunsa da kan harshe, kamar guntayen kindirmo. Kakarsa ta ce ragowar nono ne, a sa tsumma a goge. Aka goge bai fita ba, ɗan wurin da aka matsa ya ɗaye kuwa ya yi jawur kamar an ƙona shi da kunu mai zafi. Wannan ciwon ba na jarirai kaɗai ba ne. Yana kama tsoho mai haƙoran roba, da mai ciwon suga, da mai asma, da wanda ya daɗe yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ke kawo shi wani irin yis ne da ake kira kandida, dangin wanda ake sa wa ƙullin fanke da burodi, amma ba shi ba. Wanda ya fi yawa a cikinsu likitoci na kiransa Candida albicans. Kuma ba baƙo ba ne a baki, ɗan gida ne: kimanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen da lafiyarsu ƙalau suna ɗauke da shi ba su sani ba. Miyau yana wanke shi, ƙwayoyin bakteriya da suke zaune tare suna matse masa wuri, garkuwar jiki tana sa masa ido. Ranar da ɗaya daga cikin ukun nan ya yi rauni, sai ya rikiɗa daga ƙwaya zagayayya ya koma dogon zare mai kutsawa cikin fatar baki, sai farin ya bayyana.

Saboda haka a riƙe wannan tun daga farko: magani yana rage yawansa ne har ciwo ya lafa, ba ya share shi daga baki har abada. Bayan 'yan makonni zai koma zamansa na da. Ko zai zauna lafiya ko zai sake yin tsiya, wannan ya danganta ga ko an toshe ƙofar da ta ba shi dama.

Mataki na 1: A duba bakin, a yi gwajin gogewa

Wanke hannu da sabulu. Samu haske sosai, fitilar waya ta isa. Ga babba, danna harshe da ƙotar cokali mai tsabta, ka duba kan harshe da gefensa, cikin kumatu, ganɗa, dasashi, har can bayan maƙogwaro. Ga jariri ba sai an sa cokali ba, jira ya buɗe baki da kansa.

Sai ka naɗe yatsa da ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ka goga wuri ɗaya a hankali, sau ɗaya ko biyu. Idan farin ya fita tas kuma fatar ƙasa lafiya lau, ragowar nono ko abinci ne. Haka ma jaririn da harshensa kaɗai ne fari, kumatu da ganɗa ba komai, yana kuma shan nono da daɗi, galibi nono ne kawai. Idan ya fita da ƙyar ya bar ja, ko ɗan tsatsafar jini, wannan kandida ne. Idan kuwa ya ƙi motsi sam, kamar da fatar aka halicce shi, to mai yiwuwa wani abu ne dabam, musamman ga mai shan taba ko mai sa taba a baki, kuma sai likitan haƙori ya gani, don wasu irin waɗannan tabon mafarin ciwon daji ne. Kada a yi ta kankara da farce.

Ba kullum yake zuwa da fari ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Wani lokaci harshe ne zai yi ja ya yi sumul, yana raɗaɗi, yaji da lemo su gagara, ɗanɗanon abinci ya gushe. Mai haƙoran roba in ya cire su zai ga ganɗarsa ta yi ja daidai shatin inda robar take zama, sau da yawa ma ba zafi. Sai kuma tsagewar gefen baki, wadda ake ɗora wa sanyin hunturu ko rashin bitamin. Duka biyun suna iya sa hannu, amma in tsagar ta ƙi warkewa, sau da yawa kandida ne ya tare a cikinta, wani lokaci tare da bakteriya.

Mataki na 2: A ware wanda ba ya jiran gobe

A tafi asibiti a ranar idan haɗiyar abinci tana zafi, ko ana jin loma tana tsayawa a ƙirji, don alama ce ciwon ya gangara hanyar abinci, inda maganin shafawa ba ya kaiwa. Haka idan jariri ya ƙi nono gaba ɗaya, ko fitsarinsa ya ragu, ko jikinsa ya yi zafi alhali bai kai wata 3 ba. Haka mai karɓar maganin ciwon daji idan zazzaɓi ya haɗu da farin baki.

Mataki na 3: A nemo ƙofar da ya samu

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ya sa ake ta zarya kemis. Ga jaririn 'yan makonni ba abin tayar da hankali ba ne, garkuwarsa ce ba ta yi ƙwari ba, kuma da yawa a hanyar haihuwa suke kwasar yis ɗin. Amma baligi mai ƙarfi a jika ba ya wayar gari da kandida haka siddan. Zauna ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi.

An sha maganin kashe bakteriya a 'yan makonnin nan? Su amoksisilin, ampikulos, tetirasaikilin da ire-irensu suna kashe maƙwabtan da ke matse wa yis wuri, shi kuwa ba sa taɓa shi. A nan dole in yi magana kan al'adar ɗiga wa sabon jariri ampikulos ba tare da likita ya rubuta ba, wai don a wanke masa ciki. Ba ya wanke komai. Sannan in farin ya fito sai a ƙara wani maganin irinsa, a ce ciwon ne bai ji ba. Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu.

Ana amfani da abin shaƙa na asma mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, wanda ake shaƙa kullum safe da yamma don rigakafi? Ragowarsa da ke maƙalewa a baki tana kwantar da garkuwar wurin. Ko ana shan ƙwayoyin sitiroyid, su piredinisolon ko dekisametason? Masu shan ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, su sani da yawansu dekisametason ne a ciki, kuma ƙibar da yake kawowa kumburi ne da raunin garkuwa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, akwai haɗari, likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Akwai yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, ko rama? A auna suga. Idan aka auna da safe kafin a ci komai ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a ma'aunin mmol/L, aka sake aunawa wata rana ya maimaita, ciwon suga ne. Mai suga da ba a daidaita ba, miyansa kansa abincin yis ne.

Sai gwajin HIV. Na san mutane na jin nauyin wannan, amma ɓoye shi cutar da mai karatu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kandidan baki mai naci a jerin alamomin mataki na 3 na wannan cuta, wanda ya gangara hanyar abinci kuma a mataki na 4. Ba ana nufin duk mai farin baki yana da ita ba, ko kusa. Ana nufin baligin da ba a gano wani dalili a tare da shi ba, ko yaron da ciwon ya ƙi barinsa bayan ya wuce makonni 6 na farko, ya cancanci gwajin. Ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ba ya wuce rabin awa.

Saura su ne bushewar baki, ƙarancin jini, tamowa ga yara, shan taba, da kwana da haƙoran roba a baki.

Mataki na 4: A karɓi maganin da ya dace, a sa shi yadda ya kamata

Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, amma gara ka san abin da aka ba ka da yadda yake aiki, don rabin rashin warkewa daga yadda ake sa maganin yake.

Na farko shi ne ruwan nistatin, a jikin kwalba za ka ga an rubuta Nystatin, yunit 100,000 a kowane mil. Tsohon magani ne, wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi a 1950 suna aiki da ma'aikatar lafiya ta jihar New York a Amurka, daga sunan jihar ma aka ciro sunansa. Yana manne wa fatar ƙwayar yis ya huda ta. Hanji ba ya tsotse shi zuwa jini, shi ya sa ba shi da illa sosai, kuma shi ya sa sai inda ya taɓa yake aiki. Wanda ya kurɓa ya haɗiye nan take kamar maganin tari, zubar da shi ya yi.

Ga uwa mai jariri, ga yadda za ki yi. Ki bari sai ya gama shan nono, don in kin sa kafin ya sha, nonon zai wanke maganin. Ki wanke hannu, ki girgiza kwalbar sosai domin yana kwantawa a ƙasa. Ki ja adadin da aka rubuta, galibi mil 1, da abin ɗigawar da ke cikin kwalin. Ki rungume shi kansa a ɗan ɗage, ki ɗiga rabi a cikin kumatun dama, rabi a na hagu, ba can cikin maƙogwaro ba. Sai ki sa yatsa mai tsabta ki shafa shi kan harshe, ganɗa da duk inda farin yake. Ki wanke abin ɗigawar kafin ki mayar cikin kwalba. Sau 4 a rana, kwana 7 aƙalla, kuma ki ci gaba kwana 2 bayan farin ya ɓace.

Babba zai sa bayan cin abinci da kuma lokacin kwanciya, ya yi ta juya shi a baki minti biyu ko fiye kafin ya haɗiye, sannan ya haƙura da ci da sha rabin awa. Adadin manya ya bambanta, tsarin Ingila mil 1 ne, na Amurka mil 4 zuwa 6, don haka bi abin da aka rubuta maka. Ruwan yana da suga a ciki, mai ciwon suga ya faɗa wa likitansa.

Na biyu shi ne man baki na mikonazol, Miconazole oral gel a jikin kwali. Yana manne wa fata fiye da nistatin, kuma ga yara ya fi saurin aiki. Daga wata 4 zuwa shekara 2 ana ba da mil 1.25, sama da haka da manya mil 2.5, sau 4 a rana bayan abinci, a ci gaba mako guda bayan ciwon ya ɓace. Ba a ba jaririn da bai kai wata 4 ba, domin kaurinsa na iya shaƙe shi. Ko ga wanda ya kai, a riƙa lakata kaɗan-kaɗan da yatsa ana shafawa a gaban baki, kada a zuba dunƙule a bayan harshe. Gargaɗi babba: duk mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya kusanci mikonazol, haɗuwarsu na jawo zubar jini mai haɗari. Mai shan gilibenkilamid na suga kuma sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Kuma a duba kwali da kyau, na baki dabam, na shafa wa fata dabam.

Na uku shi ne ƙwayar fulukonazol, Fluconazole. Ita ana haɗiya ne, tana bi ta jini ta kai ko'ina. Ana ajiye ta ga ciwon da ya yi tsanani, ko ya ƙi jin na shafawa, ko mai raunin garkuwa. Likitoci kan rubuta tsakanin miligiram 50 zuwa 200 sau ɗaya a rana, kwana 7 zuwa 14, idan kuma ya gangara hanyar abinci adadin ya ƙaru, kwanakin su kai 14 zuwa 21. Ita da mikonazol aikinsu hana yis ƙera wani maiƙo da yake gina fatarsa da shi. Sun fi tsayar da yaɗuwarsa a kan kashe shi, garkuwar jiki ce ke ƙarasa aikin. Mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a rubuta mata. Mai shan warfarin, ko fenitoyin na farfaɗiya, ko mai ciwon hanta, shi ma ya faɗa. Rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka kuma yana rage ƙarfinta. Kafso ɗaya mai miligiram 150 da mata ke saya don ƙaiƙayin gaba ba shi ne tsarin maganin baki ba.

Sai jibi, wato Gentian violet, shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo. An daɗe ana amfani da shi a ƙananan asibitoci, a tsarma shi ya koma kashi 0.25 cikin ɗari. Yana aiki, amma wanda ba a tsarma ba yana ƙona bakin jariri ya bar gyambo, kuma a 2019 aka janye shi daga kasuwar Kanada saboda fargabar ciwon daji. A ganina, inda ake samun nistatin babu dalilin komawa gare shi.

Abubuwan da ba a sawa: kanwa, toka, lemon tsami, da zuma ga yaron da bai cika shekara ba, saboda zuma na iya ɗauke da ƙwayar da gubarta ke shanye jikin jariri. Babba na iya kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri don rage raɗaɗi, amma wannan ba ya maye gurbin magani. In a Najeriya kake, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Idan abin ya faɗo cikin azumi, sau 4 a rana na da wuyar tsarawa. Kada a rage da ka. A gaya wa likita, wataƙila ya sauya zuwa na sau ɗaya a rana in ya dace, batun rangwamen marar lafiya kuma a tambayi malamai.

Mataki na 5: A bi shi duk inda yake ɓuya

Yis yana gina wani yauƙi mai manne wa roba, a cikinsa kuwa magani ba ya ratsa shi sosai. Shi ya sa za a yi wa baki magani tsaf, a mayar da haƙoran roba ko kan fida, a koma gidan jiya.

Mai shayarwa, idan kan nononki ya yi ja yana sheƙi, yana ƙaiƙayi ko zugi bayan yaro ya gama sha, a yi muku magani tare, in ba haka ba za ku yi ta miƙa wa juna. Ana shafa man mikonazol na fata siriri bayan kowace shayarwa, a goge ragowar kafin ta gaba. Kada ki shafa man baki a nono don yaro ya tsotsa. Kada ki daina shayarwa. Amma fa ba duk zafin kan nono ne kandida ba, mafi yawansa daga yadda yaro ke kama nonon ne, ki bari ungozoma ko nas ta duba kamun. Ki duba ƙasan nafkinsa ma, jan kurji mai 'yan ƙananan ɗigo a gefe shi ma aikin kandida ne, kuma maganinsa na shafawa dabam ne. Fida da robar tsotso a tafasa su minti 10 kullum. In za a iya, kofi da cokali sun fi fida sauƙin tsabtacewa.

Mai haƙoran roba ya cire su kafin ya sa magani, ya kuma cire su duk dare. A wanke su da buroshi da sabulu, a jiƙa a ruwan kurkure baki na kulohekzidin kamar kwata na awa, a ɗauraye. In sun yi sako-sako ko sun tsattsage, sai likitan haƙori ya gyara ko ya sake wasu. Mai kurkure baki da kulohekzidin kuma yana sa nistatin, ya raba lokacinsu, don suna rage wa juna ƙarfi.

Mai asma kada ya daina abin shaƙarsa, asma ta fi farin baki haɗari nesa ba kusa ba. Bayan kowace shaƙa ya kurkure baki ya tofar. Ya nemi a nuna masa yadda ake amfani da bututun da ake sawa tsakanin abin shaƙa da baki, har da robar ruwa mai rabin lita ana yin sa.

Buroshi a sake sabo. Asuwaki a yanke kan da aka tauna, kuma kowa da nasa.

Mataki na 6: A bi sawun sauƙin

Cikin kwana 2 zuwa 3 raɗaɗi kan ragu, jariri ya koma kama nono. Nan ne ake kashe maciji ba a sare kansa ba: ido ya daina ganin fari, sai a ajiye kwalba, alhali zaren yis na nan cikin fata. A cika kwanakin.

Idan mako ya cika babu wani canji, a koma asibiti da kwalbar maganin a hannu, da duk sauran magungunan da ake sha, har na gargajiya da na ƙiba. Likita zai fara duba abubuwa masu sauƙi: ana haɗiyewa da wuri, ana tsallake lokaci, ana kwana da haƙoran roba, suga na sama, ko ma tun farko ba kandida ba ne. Sai an kawar da waɗannan ake maganar bijirewa magani.

Bijirewar kuwa gaskiya ce. Wani nau'in kandida mai suna Candida krusei tun asali fulukonazol ba ya yi masa komai. Candida glabrata yana ji amma da ƙyar. Shi kansa albicans, idan aka daɗe ana ba shi fulukonazol kaɗan-kaɗan ana yankewa, yakan koyi fitar da maganin daga cikinsa, ko ya sauya wurin da maganin ke kamawa. An fi ganin haka a wajen masu raunin garkuwa da suka sha ta zagaye da yawa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na irin waɗannan ƙwayoyi da suka fi buƙatar kulawa, albicans na cikin rukuni mafi tsanani.

A irin wannan hali ne ake goga auduga a baki a kai ɗakin gwaje-gwaje a shuka. Akwai faranti na musamman da kowane irin kandida ke tsirowa da launinsa, albicans kore, tropicalis shuɗi, krusei ruwan hoda, daga nan a gwada wane magani ke kama shi. Sai dai a lura, tsirowar kandida a faranti kaɗai ba ta nufin ciwo, tunda mai lafiya ma zai iya tsirar da shi. Wanda bakinsa ya warke, ba fari ba zafi, ba ya buƙatar ƙarin magani don kawai takardar gwaji ta ce akwai yis.

Idan an tabbatar fulukonazol ya gaza, likita na iya komawa ruwan itirakonazol ko wani daga cikin sababbi, wanda ya tsananta kuma a kwantar da shi a ba shi ta jijiya. Ga mai HIV, abin da ke tsayar da dawowar ciwon shi ne fara maganin rage kaifin cutar da riƙe shi kullum, ga mai suga kuma saukar da sugan. Wanda ciwon ya dawo masa sau biyu ko uku cikin 'yan watanni ba a taɓa yi masa waɗannan gwaje-gwajen biyu ba, su zai nema kafin ya sayi wata kwalbar.